Daga Tandun Kaka Zuwa Kwalbar Feshi: Tarihin Taimakon Farko a Gidajen Furana

Kafin a san asibiti a ƙasar Zazzau, kowane gida a Furana da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita, tun daga Ikara har Makarfi da Kudan, yana da wurin ajiyar magani, kuma galibi a ɗakin tsohuwar gidan yake. A ragaya ko a bayan randa za a tarar da tandun man kaɗanya, da 'yar kwalbar zuma, da ƙullin jar kanwa, da busasshiyar bagaruwa, da citta da kanumfari da tafarnuwa. Idan yaro ya yanke da lauje ko mace ta ƙone a madafa, nan ake fara dosa. Sai abin ya gagari tsohuwa sa'annan a aika a kira mai sana'ar: maɗori ga karaya da targaɗe, wanzami ga ƙaho da tsaga, ungozoma ga mai naƙuda.

Waɗannan kayayyaki an zaɓe su ne bisa gwajin shekaru masu yawa. Bagaruwa, alal misali, ita ce majema ke jeme fata da ita, kuma sinadarin da ke ɗaure fatar akuya shi ne yake tsuke bakin rauni idan an barbaɗa garinta. Turawan mulki ma sun lura da wannan ilmi. Wani likitansu, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa ya buga su littafi a shekarar 1916, sa'annan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Amma kada mu ɗauka duk abin da muke kira na gargajiya tun kaka da kakanni yake. Dogon yaro, wanda muke dafa ganyensa mu yi surace idan zazzaɓi ya kama mu, baƙo ne daga ƙasar Indiya, a zamanin Turawa aka shigo da shi. Kakannin kakanninmu ba su taɓa zama a inuwarsa ba.

Zuma kuwa ta ci jarrabawa ta kowace fuska. Alƙur'ani mai girma ya ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli, kuma a shekarar 1988 wani likitan tiyata a Kalaba, Dokta Spencer Efem, ya buga sakamakon jinyar majinyata 59 masu gyambo da raunukan da suka ƙi jin maganin asibiti, ya shafa musu zuma, kusan dukkansu raunin ya tsabtace ya kama warkewa. Sai dai likitocin yau sun hana a bai wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ya lasa, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta wadda cikin jariri ba ya iya yaƙa.

Akwai kuma abin da bai ci jarrabawar ba, kuma wajibi ne a faɗa. Cusa ƙasa ko toka a bakin sara don jini ya tsaya, da shafa wa cibiyar jariri abin da aka ga dama, sun buɗe ƙofa ga ciwon sarƙe-haƙora, domin ƙwayar wannan ciwo a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Jarirai da yawa da suka daina kama nono a kwanakin suna, jikinsu ya sandare, aka ce iska ce ko tsuntsu, wannan ciwo ne ya ɗauke su.

Da ɗakunan shan magani na En'e suka bazu a gundumomi, sai aidin da shuɗin magani da bandeji suka shiga bakin mutane, malamin asibiti ya zama mutum mai daraja a gari kamar malamin makaranta. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai muka kama alli, musamman bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, mun koyar da darasin tsabta da kiwon lafiya, kuma hedimasta kan ajiye ɗan akwatin katako a ofis mai ɗauke da auduga da almakashi da aidin. Sau da yawa akwatin nan shi ne asibitin ƙauyen gaba ɗaya.

Amma babban sauyi a wannan tarihi daga madafa ya fito, wato ruwan gishiri da sukari. A shekarar 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare, sai Dokta Dilip Mahalanabis ya sa 'yan uwan majinyata su riƙa ba su wannan haɗi ta baki. Mace-macen da suka kai kusan kashi 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da kashi 4. A nan Nijeriya, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992, an yi ta koya wa mata a rediyo da asibitin sha-ka-tafi yadda za su auna shi da kwalbar lemo da cokalin shayi. Kafin nan, uwa kan hana ɗanta mai zawo ruwa, a tunaninta ruwan ne ke ƙara gudun cikin, alhali bushewar jiki ce ke kashe yaron. Ma'aunin da aka fi sani a yau shi ne lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. Tun 2004 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa wa yaro da ƙwayar zinc, kuma ƙunshin da ake sayarwa a kemis ya fi na gida daidaito.

Saran maciji shi ne inda al'ada ta fi taurin kai. A farkon shekarun 1970 Dokta David Warrell ya yi bincike a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a kan dafin kububuwa da kasa da gamsheƙa, aikin da har yanzu ake komawa gare shi a duniya. Abin da ilmi ya tabbatar shi ne, tsaga wurin, da tsotsa, da ɗaure ƙafa tamau da igiya, da manna baƙin dutse ba sa fitar da dafi, ɗaurin ma kan jawo ƙafa ta ruɓe. A kwantar da mutum, a cire masa zobe da duk abin da zai matse idan kumburi ya zo, a tallafe ƙafar da kara kamar ta mai karaya, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. Idan macijin tofi ya yi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa.

'Yan uwa mazauna Kaduna da Kano da Abuja da Legas, garin da kuka baro ya sake kama, raunukansa ma sun sake. Tandun kaka an haɗa shi ne domin lauje da ƙaya da garwashi. A yau manomin rake da tumatir yana ma'amala da injin ban-ruwa, da injin matse rake, da tukunyar mazarƙwaila mai tafasa, da babur, da maganin feshi. Abin takaici, magungunan da suka shigo gidajenmu tare da waɗannan, ba na kaka ba ne kuma ba na likita ba: baƙin man inji da man goge baki a kan ƙuna, fetur a kan yanka, garin kafso a kan gyambo. Ƙuna ba ta buƙatar komai da farko sai ruwa mai sanyi a yi ta kwararawa har minti 20, sa'annan a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Jini kuwa dannawa da ƙyalle mai tsabta ke tsayar da shi.

Guba ita ce ta fi tayar mana da hankali. Fetur da kananzir da fiya-fiya a kwalaben lemo ake ajiye su a ƙarƙashin gado, inda hannun yaro ke kaiwa. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan maganin ƙwari a kasuwanni da kantuna, amma wanda aka riga aka juye a kwalbar lemo babu dokar da ke ganinsa. Idan yaro ya sha, abin da aka saba shi ne a ɗura masa manja ko madara, a sa masa yatsa a maƙogwaro. Manja ba ya karya wannan guba, amai kuma kan tura kananzir cikin huhu, wanda ya fi zamansa a ciki haɗari. Makarin gubar feshi allura ce da ke asibiti. A tuɓe wa mutum tufafin da maganin ya jiƙa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a nemi mota. Kuma a tafi da kwalbar a nuna wa likita, domin sunan da ke jikinta ne zai gaya masa allurar da zai ɗauko.