Yadda Aka Koya Wa Kwamfuta Yin Yaƙi: Tarihin Sojojin Ɗigo-Ɗigo

Idan ka taɓa buga Clash of Clans a wayarka, ka san da zarar ka sauke sojojinka a fili, shi kenan sun fita daga hannunka. Ƙattin nan su nufi makaman tsaro, ɓarayin su nufi rumbun zinariya, kai kuma sai kallo. To wannan dabarar, ta ba wa kowane soja 'yan dokokinsa a sake shi, ba a wasa kaɗai ta tsaya ba. Manyan rundunonin duniya sun yi amfani da ita wajen nazarin yaƙi na gaske. Yau tarihinta za mu bi.

Mu fara daga teburi. A 1824 wani hafsan sojan Furushiya, ƙasar da wani ɓangarenta ke cikin Jamus ta yau, mai suna Reisswitz ya gabatar da wasan da ake kira Kriegsspiel, wanda ya gyara daga na mahaifinsa. A shimfiɗa taswira, a jera 'yan ƙarafa ja da shuɗi a matsayin runduna, a jefa ɗan lido, alƙalin wasa ya yanke wa ya ci wa ya faɗi. Bayan Furushiya ta doke Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sauran ƙasashe suka yi ta kwaikwayon wasan.

Daga teburi sai lissafi. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani injiniyan Ingila, Frederick Lanchester, ya fitar da lissafin da ke cewa a yaƙin bindiga, ƙarfin runduna yawanta ne a ninka shi da kansa. Gwada da kalkuletar wayarka. Soja 1,000 sun kara da soja 500, makamansu iri ɗaya. 1,000 sau 1,000 miliyan ɗaya ne, 500 sau 500 kuwa 250,000. Ka debe, saura 750,000, wanda tushensa kusan 866 ne. Ma'ana za a shafe ƙaramar rundunar kakaf, babbar kuma mutum 134 kacal za ta rasa. Da kwamfutoci suka zo, irin wannan lissafin aka ɗura musu, aka shafe shekaru da dama ana dogaro da shi.

Amma ka lura da abin da lissafin ya ɗauka. A wurinsa kowane soja daidai yake da ɗan'uwansa, kowa yana hango kowa, ba tudu ba kwari, ba mai tsoro, ba mai tsayawa ɗaukar abokinsa da aka harba. Runduna ta zama kamar randa biyu masu yoyo, ana jiran a ga wadda za ta riga ƙarewa. An ga gazawar irin wannan hasashe a Yaƙin Tekun Fasha na 1991: an yi ta kintacen cewa Amurka za ta rasa dubban sojoji, amma waɗanda aka kashe mata a fagen fama ba su kai 150 ba.

Mafita ta ɓullo ne daga inda ba ruwansu da soja. A 1987 Craig Reynolds ya nuna yadda tsuntsayen kwamfuta ke tashi a garke da dokoki uku kawai: kar ka yi karo da na kusa da kai, ka fuskanci inda suka fuskanta, kar ka yi nisa da su. Ba shugaba, ba umarni daga sama, amma sai ga garke yana juyawa kamar na jan-baki a kan gonar gero. Kowane tsuntsu a nan shi ake kira wakili, wato ɗan ƙaramin abu mai ganin abin da ke kusa da shi, ya yanke shawarar kansa.

A tsakiyar shekarun 1990, Laftanar Janar Paul Van Riper na rundunar Marin ta Amurka ya nemi a duba ko wannan sabon ilimi zai yi amfani a yaƙin ƙasa. Masanin kimiyyar fiziks Andrew Ilachinski na cibiyar nazarin harkokin sojan ruwa ta CNA ya karɓi aikin, ya rubuta manhajar ISAAC wadda ya bayyana a 1997, daga baya ya faɗaɗa ta zuwa EINSTein.

Ga yadda take aiki. Filin daga kamar allon dara ne mai gidaje da yawa. Kowane soja ɗigo ne, ja ko shuɗi, kuma ko dai yana da lafiya, ko ya ji rauni, ko ya mutu. Yana da iyakar nisan da yake gani, da nisan harbinsa, da nisan takunsa. Halinsa kuma lambobi shida ne: yadda yake son kusantar abokai masu lafiya, abokai masu rauni, maƙiya masu lafiya, maƙiya masu rauni, tutar ɓangarensa da tutar maƙiya. Ka ɗaga lambar kusantar maƙiyi, ka samu jarumi. Ka mai da ita ƙasa da sifili, ka samu mai ja da baya. A kowane taku ɗigon zai auna gidajen da ke kewaye da shi, ya koma wanda ya fi dacewa da halinsa.

Abin mamakin shi ne, ba wanda ya rubuta "ku zagaye maƙiya" a cikin manhajar, amma sai a ga ɗigogin sun ja layin daga, sun ɓullo ta gefe, sun yi wa abokan gaba ƙawanya, ko sun watse sun gudu. A 1998 rundunar Marin ta buɗe shirin Project Albert, inda ake maimaita faɗa ɗaya sau dubbai ana ɗan sauya lambobi, don a ga duk hanyoyin da zai iya ƙarewa, har da waɗanda ba a zata ba. Masanan tsaron ƙasar Niyu Zilan su ma suka gina tasu mai suna MANA.

To amma fa a yi hattara. Kwamfuta abin da ka zuba mata shi take dafa maka. Wa ya auna tsoron ɗan Adam har ya san lambarsa? A 2002 Amurka ta yi wani gagarumin atisaye, Millennium Challenge, wanda ya haɗa sojoji na gaske da kwaikwayon kwamfuta, ko da yake ba irin na ISAAC ba ne. Van Riper ɗin nan, bayan ya yi ritaya, shi ya jagoranci ɓangaren ja. Ya riƙa aika saƙo ta 'yan babur don kada a saurari rediyonsa, ya far wa jiragen ruwan shuɗi da makamai masu linzami da ƙananan kwale-kwale, ya nutsar da 16 a cikin kwamfutar. Masu shirya atisayen suka dawo da jiragen, suka ɗaure masa hannu da sababbin ƙa'idoji, shuɗi ya yi nasara. A kwamfuta ana ta da jirgin da ya nutse, a teku kuwa sai dai zaman makoki.

Idan kana son gani da idonka, buɗe burauzar wayarka ka nemi NetLogo Web, kyauta ce. Zaɓi samfurin Flocking, danna setup, sannan go, ka ja ma'aunin vision ƙasa ka ga yadda garken ke tarwatsewa. In allon ya yi maka ƙanƙanta, kwantar da wayar a gicciye. Daga nan ka gwada Rebellion, wanda aka gina a kan aikin Joshua Epstein na 2002 game da tarzoma. Sauya lamba ɗaya tak, ka maimaita sau biyar, ka gaya mana a ƙasa ko sakamakon ya zo iri ɗaya.