Manoman Da Suka Ara Wa Bishara Fuskarsu

A zamanin dā, masu zane na Turai sun fi zana sarakuna da attajirai, gama su ne masu biya. Amma a shekara ta 1849 wani mai zane, Jean-François Millet, ya bar birnin Paris ya tare a ƙauyen Barbizon, ya shiga zana manoma a bakin aikinsu. A 1857 ya nuna zanen mata uku suna kala a gona, kamar yadda Rut ta yi a gonar Bo'aza. Waɗansu manyan gari suka ji haushi, don ba su so a tuna musu da talaka. Ya kuma zana miji da mata sun dakata da haƙar dankali, sun sunkuyar da kai suna addu'a.

Irin wannan aiki ya iso ƙasarmu ta wata hanya. Fada-fada na ƙungiyar Oblat sun sauka Garwa a 1946 tare da Fada Yves Plumey. Hotunan koyarwa na lokacin daga Turai suke zuwa, Yesu da almajiransa duk farare. Yaya manomin dutse zai gane cewa labarin nan nasa ne?

Wajen 1973 wani ɗan mishan Bafaranshe, François Vidil, ya fara aiki da Kiristocin kabilar Mafa, mazaunan duwatsun Mandara wajen Mokolo. Akan karanta musu nassi, su kuwa su tashi su kwaikwayi labarin yadda suka fahimce shi. Ana ɗaukar hotonsu, daga nan wata Bafaranshiya, Bénédite de la Roncière, ta zana. Aka sami zane fiye da 60, daga saƙon mala'ika ga Maryamu har zuwa Fentikos, da bukkoki masu tsinin jinka, da tukwane, da ƙorai. Ana kiransu Yesu Mafa, sun kuwa bazu ƙasashe da yawa.

Waɗansu sukan ce, ai Yesu Bayahude ne, ba Mafa ba. Gaskiya ne, amma ba Bature ba ne kuma. Zanen bai zo don ya sake tarihi ba, sai don ya nuna cewa Almasihu ya zama mutum domin kowace kabila.

'Yan'uwa, in mun ɗaga hotunan nan a ajin baftisma, mu gaya wa yara cewa hannun baƙuwa ne ya zana, amma manoma irin iyayensu ne suka nuna mata abin da za ta zana.