Dokar masu taimaka wa tsofaffin sojoji neman haƙƙinsu a Amurka

A Amurka, Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ce ke tantance wanda zai iya tsaya wa tsohon soja wajen neman diyyar rauni ko fansho: lauya, wakili mai lasisi, ko jami'in ƙungiya irin su American Legion, wanda shi kyauta yake yin aikin. Doka ta hana karɓar ko sisi a kan buƙatar farko. Sai ma'aikatar ta yanke hukunci, sojan ya ƙalubalanta, sannan a yi maganar lada, kuma kashi 20 cikin ɗari na kuɗin ariya ne ake ɗauka a matsayin ladan da ya dace.

Tsarin ya daɗe. A 1864 aka ƙayyade ladan lauya a dala 10, kuma haka ya tsaya har 1988. An samu ɓaraka ne a 2006, da majalisa ta cire hukuncin laifi ga mai cajin kuɗi ba izini. Bayan dokar PACT ta 2022, wadda ta faɗaɗa haƙƙin tsofaffin sojoji, buƙatu suka yi yawa, kamfanoni marasa lasisi suka cika kasuwa, wasu na karɓar ninki biyar na ƙarin da sojan ya samu a wata. Wannan zalunci ne ga mutumin da ya dawo daga yaƙi da rauni a jikinsa.