Gidan Grévin na Paris: inda ake ƙera shahararrun mutane da kakin zuma

Gidan Grévin gidan kallo ne a birnin Paris, inda ake jera mutum-mutumin shahararrun mutane da aka ƙera da kakin zuma, kowanne daidai da tsawon mai shi da kaurinsa. Yana lamba 10 a kan titin Montmartre, cikin gunduma ta 9, dab da wata tsohuwar kasuwa mai rufin gilashi da ake kira Passage Jouffroy. An buɗe shi ranar 5 ga watan Yuni na 1882, abin da ya sa yake cikin tsofaffin gidajen kallo irinsa a nahiyar Turai. A yau akwai mutum-mutumi sama da 200 a cikinsa: shugabannin ƙasashe, ƴan ƙwallo, mawaƙa, ƴan fim, da sarakunan Faransa na da.

Wanda ya kafa gidan ɗan jarida ne, kuma sai an san wannan ake gane yadda gidan yake tafiya har yanzu. Sunansa Arthur Meyer, shi ne shugaban jaridar Le Gaulois. A zamaninsa jaridu ba su kai ga buga hoto yadda ake yi yanzu ba. Mutum zai shekara yana karanta labarin minista ko na wata ƴar wasa, amma da za su yi kiciɓis a hanya ba zai gane su ba. Meyer ya ga cewa jama'a za su biya kuɗi don su ga fuskokin waɗanda suke karantawa. Ya nemo Alfred Grévin, mai zanen barkwanci kuma mai tsara tufafin ƴan wasan kwaikwayo, ya danƙa masa aikin ƙira, aka kuma sa wa gidan sunansa. A 1883 wani attajiri mai suna Gabriel Thomas ya shigo da kuɗinsa, shi ya faɗaɗa gidan ya ƙawata shi.

Dabarar ba daga Meyer ta faro ba. Marie Tussaud, wadda aka haifa a Strasbourg a 1761, ta koyi sarrafa kaki a Paris wajen wani likita mai suna Philippe Curtius. A 1802 ta ƙetara Ingila da kayanta, ta yi shekaru tana yawo da su gari-gari kafin ta zauna a Landan a 1835. Gidanta, Madame Tussauds, ya fi Grévin suna a duniya kuma yana da rassa a birane da dama. Amma Grévin ya bambanta da shi ta fuskar cewa jaridar Faransa ce aka mayar kaki: wanda ake yayi yau shi ake sakawa, wanda aka daina maganarsa a sauke shi.

Tun 2001 wani kwamiti ne, wanda ake kira Académie Grévin, yake zama yana zaɓen waɗanda za a ƙera. Ƴan jarida da masu gabatar da shirye-shirye ne suka fi yawa a cikinsa. Bernard Pivot ne ya fara shugabantarsa, daga baya Stéphane Bern ya gaje shi. A Faransa shiga Grévin tamkar lambar yabo ce, ana yin biki a gayyato mai shi ya tsaya kusa da kamanninsa a ɗauki hoto. Ɗan fim Omar Sy ya shiga, haka Kylian Mbappé a 2018, haka ɗan kokawar judo Teddy Riner. Waɗanda tauraronsu ya dusashe kuwa ana kwashe su zuwa ma'ajiya, a ajiye kawunan a jere. Gidan ya ƙera mutum-mutumi sama da 2,000 tun da aka buɗe shi, ke nan waɗanda aka sauke sun ninka waɗanda suke tsaye sau da yawa.

Wani lokaci saukewar tana zuwa da hayaniya. A farkon Maris na 2022, kwanaki kaɗan da fara yaƙin Yukren, an cire mutum-mutumin shugaban Rasha Vladimir Putin bayan da masu kallo suka riƙa ɓata shi. A Disamba na 2023 aka cire na ɗan fim Gérard Depardieu, saboda ƙorafin jama'a kan zarge-zargen cin zarafin mata da ake yi masa. A farkon Yuni na 2025 kuma ƴan ƙungiyar Greenpeace suka shiga kamar masu kallo, suka yi awon gaba da mutum-mutumin shugaba Emmanuel Macron, suka dasa shi a ƙofar ofishin jakadancin Rasha don nuna adawa da cinikin da Faransa take ci gaba da yi da ƙasar. Daga baya sun ajiye shi aka maido. Kafofin labarai sun ce darajarsa ta kai yuro 40,000, wato sama da miliyan 26 na sefa.

Wannan tsada daga aikin hannu take. Mutum-mutumi ɗaya yana cin kusan wata shida, kuma ma'aikata iri-iri ne suke taruwa a kansa. Idan mai shi yana raye kuma ya yarda, sai a auna shi, a ɗauki hotunansa ta kowane ɓangare. Maƙeri ya fara gina kan da yumɓu. Daga yumɓun a fitar da mazubi, a zuba narkakken kaki a ciki. Kai ne ainihin aikin kaki. Gangar jiki da wani abu mai ƙarfi kamar roba ake yin ta, tun da tufa za ta rufe ta. Idanu irin waɗanda ake sa wa wanda ya rasa ido ne, haƙora ma masu haɗa haƙoran roba ne suke yi. Gashi na mutane ne na gaske, kuma ɗaya bayan ɗaya ake dasa shi da allura a cikin kakin. Sai mai fenti ya bi fatar da launi shafi bisa shafi, har tabo da ƙyasbi da jijiya. Sau da yawa mai shi ne yake ba da tufafinsa a sa wa mutum-mutumin.

A wajen fentin ne aka fi yin tuntuɓe. A Oktoba na 2023 gidan ya fito da mutum-mutumin ɗan fim na Amurka Dwayne Johnson, wanda mahaifinsa baƙar fata ne, mahaifiyarsa kuma ƴar asalin tsibirin Samowa. Fatar ta fito fari fes. Aka yi ca a kafofin sada zumunta, shi ma ya nemi a gyara, gidan ya amsa kuskure ya sake fentin cikin ƴan kwanaki. Dalilin da aka bayar shi ne daga hotuna aka yi aikin, hasken hoto kuma yana sauya launin fata. Hanzarin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai mutumin da duniya ta san fuskarsa haka bai kamata a yi wata da watanni ana aiki a kansa ba tare da wani ya lura ba.

Wanda ya shiga don ɗaukar hoto da ƴan ƙwallo kawai zai wuce abin da ya fi daraja a gidan. Akwai sashen tarihin Faransa, inda aka shirya al'amura kamar a dandalin wasan kwaikwayo. Mafi shahara shi ne kisan Jean-Paul Marat, ɗaya daga cikin jagororin juyin juya halin Faransa, wanda Charlotte Corday ta daɓa wa wuƙa yana cikin bahon wanka ranar 13 ga Yuli na 1793. Gidan yana cewa bahon da ke wurin shi ne ainihin wanda abin ya faru a cikinsa. Akwai kuma Palais des Mirages, ɗaki mai madubai ta ko'ina wanda aka ƙera don babban bajekolin duniya na Paris na 1900, aka dawo da shi nan bayan ƴan shekaru. Idan aka kashe fitilu aka kunna wasu, sai ɗakin ya zama kamar ba shi da iyaka.

A wannan gida ne kuma aka fara haska wa jama'a zanen da ke motsi a kan allo. Ranar 28 ga Oktoba na 1892 Émile Reynaud ya fara nuna zane-zanensa da wata na'ura da ya ƙirƙiro, shekara uku kafin ƴan'uwan Lumière su nuna fim ɗinsu na farko ga masu biya. Ya ci gaba har 1900, kuma mutane kusan 500,000 suka kalla. Da silima ta kankama aka daina yayinsa. Cikin baƙin ciki ya zubar da mafi yawan aikinsa a kogin Seine, ya rasu a 1918 cikin talauci. Saboda shi ne ake bikin ranar zanen motsi ta duniya kowace 28 ga Oktoba.

Baƙo Musulmi zai iya tsayawa ya yi tunani kafin ya shiga, domin malamai da yawa suna ƙyamar ƙera siffar mai rai. Ba wurin bauta ba ne, wurin kallo ne da kasuwanci, mallakin kamfanin Compagnie des Alpes mai tafiyar da wuraren shaƙatawa. Amma hukuncin shiga ko ƙin shiga na mutum ne da malaminsa.

Ga wanda zai je, tashar metro mafi kusa ita ce Grands Boulevards, a kan layi na 8 da na 9. Kuɗin shiga na babba ya haura yuro 20, wato sama da jaka 13, yara kuma ana yi musu ragi. Sayen tikiti ta intanet kafin ranar yana rage tsayuwa a layi, musamman ranakun hutun makaranta da Asabar da Lahadi, lokacin da iyalai suke cika wurin. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ta isa a zagaye shi. An yarda a ɗauki hoto, kuma an jera yawancin mutum-mutumin ba tare da shinge ba don mutum ya tsaya kusa da su. Da yawa daga cikinsu ƴan talabijin da mawaƙan cikin gida ne na Faransa, waɗanda baƙo daga Maraɗi ko Tawa ba lalle ya san su ba, sai ya karanta sunan da aka rubuta a gefe.

Kamfanin ya taɓa gwada kai sunan waje. Ya buɗe reshe a Montréal ta Kanada a 2013, da Prague a 2014, da Seoul a 2015. Na Montréal ya rufe a 2021, bayan annobar korona ta hana masu yawon buɗe ido zuwa.