Ɗigon da Aka Manta Shekara Ɗari

A shekarar 1899 Edmund Wilson, malami a jami'ar Kolombiya ta birnin New York, ya rubuta cewa cikin ƙwayar halitta, wato ɗan ƙanƙanin ɗakin nan da ake gina jikin kowane mai rai da shi, cike yake da ruwaye iri-iri, wasu na yawo cikin wasu ɗigo-ɗigo. Duk wanda ya taɓa ganin man gyaɗa ya yi idanu bisa miya ya fahimci nufinsa: abu biyu ne masu ruwa-ruwa cikin tukunya guda, ba bango tsakaninsu, amma kowane ya ware.

Maganar ba ta mutu nan take ba. Masanin Rasha Aleksandar Oparin ya ɗora littafinsa na 1936 game da mafarin rayuwa bisa irin waɗannan ɗigo. Sai dai daga shekarun 1950, madubin lantarki mai ƙara girman abu ya karkatar da idon masana. Wannan na'ura ba ta duba abu da ransa: sai an kashe shi, an daskarar, an yanka. Abin da ke da tantani ya fito sarai, abin da ke kwarara ya ɓace. Aka wayi gari littattafan makaranta na zana ƙwayar halitta tamkar gida mai ɗakuna, kowane da katangarsa. A ganina hujja ba ta kayar da Wilson ba, kayan aiki ne suka sauya.

Sai a 2008, a wata makarantar bazara ta Woods Hole a Amurka, Clifford Brangwynne da Anthony Hyman da ɗalibai suka sa ido kan wasu ƴan dunƙule cikin ƙwan wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba. An daɗe ana ɗaukarsu kamar tsaba. Ashe ɗiga suke yi, biyu su haɗe su zama ɗaya, su narke a gaban ƙwan su sake taruwa a bayansa. Sakamakon ya fito a mujallar Science a 2009.

Inda batun ya shafi marar lafiya shi ne ciwon Charcot, wanda ke kashe jijiyoyin motsi har numfashi ya gagara, kuma shi ne ya naƙasa Stephen Hawking. A 2015 masu bincike a Dresden ta Jamus suka nuna cewa wani furotin mai suna FUS kan yi ɗigo, sannan da tafiyar lokaci ya sandare ya koma zare-zare, kuma sauyin gado irin na wasu masu wannan ciwo na gaggauta sandarewar. Daga nan aka buɗe kamfanonin neman magani, aka kuma ba Brangwynne da Hyman lambar Breakthrough ta 2023.

Amma zumuɗi ya yi yawa, har kowane ɗan tabo da aka hango cikin ƙwaya ana kiransa ɗigo. A 2019 Robert Tjian da abokan aikinsa na jami'ar Berkeley suka bi rahotanni da dama, suka nuna cewa yawancinsu sun dogara ne ga kamanni kawai, ba tare da awon da zai tabbatar da lamarin cikin ƙwaya mai rai ba.