Mutum-mutumin Yelwa da Darasin Girka

A shekarar 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), rundunar Farisa ta ci birnin Atina, ta farfasa mutum-mutumin da ke kan tudun Akrofolis. Da mutanen garin suka dawo, sai suka binne tarkacen. Binnewar nan ta zama gata ga masana, domin da aka tono wurin a ƙarni na 19, an sami ma'auni: abin da Farisawa suka fasa ya girmi shekarar 480. Irin wannan shaida ce ta taimaka wajen jera tarihin sassaƙar Girka daki-daki, daga samarin dutse masu tsayuwa ƙiƙam irin ta Masar, zuwa jikin da ke ɗora nauyinsa kan ƙafa ɗaya kamar mai rai.

Ƙasar Yauri ma tana da nata kason. Da aka tashi gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, masu binciken kayan tarihi sun yi rige-rige da ruwa, suna tono tsofaffin kufai kafin tafki ya haɗiye su. A wani tudu kusa da Yelwa, A. J. Priddy ya sami kayan ƙarfe, da tukwane, da gutsattsarin mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Gwajin kimiyya ya nuna an zauna a wurin tsakanin wajen shekara ta 100 zuwa ta 700 Miladiyya, wato bayan ganiyar fasahar Nok.

Darajar kayan Yelwa ba a girmansu take ba. A sanin makwancinsu take. An san zurfin da aka same su, da abin da ke kwance kusa da su. Akasin haka ya sami mafi yawan mutum-mutumin da ake kira na Sakkwato da na Katsina, waɗanda masu haƙar sata suka kwashe zuwa kasuwannin Turai, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Ga su kyawawa, amma bebaye.

Saboda haka, manomin Ngaski ko Shanga da garmarsa ta turo kan yumɓu, shafi ne na tarihi ya faɗo hannunsa. In ya sayar, kuɗin kwana kaɗan ne. In ya bar shi a gurbinsa ya sanar da hukumar gidajen tarihi, wata rana za a iya jera tarihin fasahar bakin Kwara kamar yadda aka jera na Girka.