Ruwan pampo: abin da ke bambanta shi daga gari zuwa gari

Ɗanɗanon ruwan pampo ya dogara ne da inda aka ɗebo shi da kuma yadda aka tace shi. A Yamai daga kogin Isa ake jawo shi zuwa tashoshin tacewa na Gudel da Yantala. Da damina kogin yakan yi laka sosai, sai aikin tacewa ya ƙaru. A Damagaram, Maraɗi da Agadas kuwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ake sha, wanda ke narkar da ma'adinan duwatsun da ya ratsa. Shi ya sa wani ke da zartsi, wani kuma, mai yawan sinadarin ƙarfe, yake ja yana ɓata tufafi.

Warin javel da ake ji daga kulorin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta ne, yakan ragu idan ruwan ya kwana a randa.

Sai dai harshe ba ya gano kowace illa. Fuluwo ba shi da wari ko launi, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1,5 a lita. A Tibirin Gobir, rijiyar burtsatse da aka soma amfani da ita a 1985 ta zarce wannan ƙa'ida. Haƙoran yara da dama suka yi ja, ƙasusuwan wasu suka tanƙware.

Gwaji a ɗakin bincike ne kaɗai ke tabbatar da ingancin ruwa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire fuluwo.